Raƙuma Biyu, Wata Biyu

Asuba a Ulanbator, sanyi na daskarar da numfashi,
hayaƙin kwal ya kwanta kan unguwarmu kamar tsohon bargo.
Nakan riga murhu farkawa,
in ɗora yatsa kan ƙanƙarar da ta rufe gilashin taga,
in rubuta kalmar jiya.
Kafin shayi ya tafasa ta narke, ta gangaro kamar hawaye.
Haka take yi a kaina ma.

Kalma ɗari biyar da 'yan kai aka ce in haɗiye
kafin wata na uku ya kama.
Ba na sayen burodi ba ne,
ba na gaisuwa ba, ba na zagi ba.
Kalmomi ne masu kwat da taye,
masu harɗe ƙafa a kujerun jami'a:
hypothesis, criteria, subsequent.
In gaishe su da safe, su dube ni sheƙeƙe.

Da dare ina asibiti ina ɗibar jinin mutane,
aljihuna cike da katuna ɗaure da robar gashi.
Tsakanin jijiya da jijiya sai in zaro guda.
Wani tsoho, Gombosuren, ya ga leɓena na motsi,
ya ce, "Addu'a kike yi, yarinya?"
Na ce, "Kusan haka, baba. Miƙo hannu."

Abin da ya fi ɗaure mini kai
shi ne harafin da ake rubutawa ba a furtawa.
Ga b can tsakiyar doubt, ya yi zugum,
bai ce kanzil ba,
amma ka tsallake shi, maki ya tafi.
Sai ya tuna mini da mahaifina a bakin tebur,
mutumin da kan yi mako bai ce uffan ba.
Ranar da aka ɗauke kujerarsa muka ji gidan ya karkace.

Kakata Dulamsuren ba ta san baƙaƙen Turawa ba.
Amma ta san sunan kowane launin doki,
yatsunta da nawa ba su isa ƙirga su ba,
kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita
ya ba ta fensir da minti sittin.
Ita ke riƙe mini kati.
Siffa take bi, ba sauti ba,
kamar mai bin sawun dabba a kan dusar ƙanƙara.

Accommodation.
Sau tara na rubuta, sau tara ta kayar da ni.
Kaka ta matsa da katin kusa da fitila, ta kanne ido.
"Tungalag, kin baro raƙumi ɗaya a daji.
Ga su nan biyu a jere, kowa da tozonsa biyu,
ga jinjirin wata biyu a gabansu suna haska musu hanya.
Wa ke fita da raƙuma biyu ya dawo da guda?"

Ran jarrabawa aka karɓe waya, aka karɓe agogo,
har kwalbar ruwa sai da aka tuɓe mata takarda.
Muryar wata mata ta fito daga na'ura, ba ta jiran kowa.
Wasu kalmomin sun wuce ni a guje,
ban gane fuskarsu ba sai da suka sha kwana.
A tambaya ta bakwai na ji ta.
Hannuna ya tsaya cak.
Na aza wata, na aza wata,
sannan na ƙirga tozo a hankali: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Sakamako sai bayan kwana goma sha uku.
Na hau bas, na sauka, na taka ƙanƙara har gida.
Kaka na bakin murhu, ba ta tambayi maki ba.
"Sun dawo duka?"
"Duka, Kaka."
"To, sha shayi kafin ya huce."

Har yau ban faɗa mata ma'anar kalmar ba:
masauki,
ɗakin da zan kwana a wata ƙasa,
inda taga ba ta yin ƙanƙara
kuma ba mai riƙe mini kati.