Asalin Kuɗi

Ƙarfe huɗu na bar Agege,
ladani bai ko gyara murya ba.
A kan doguwar gada na leƙa ƙasa,
masunta na jefa koma cikin baƙin ruwa.
Ni ma tawa komar na hammata:
fayil ɗin roba, takarda ɗari da sha bakwai.

Zuwa na huɗu ke nan.
Mai gadi ya san ni, har ya tambayi ƙafata
da ta kumbura a layi wancan karon.
An karɓe waya, an karɓe agogo,
an liƙa mini lamba kamar buhun da za a ɗora a sikeli.

Lauya Adekunle ya ce wata uku ne.
Yau wata goma sha huɗu.
Na biya shi da dala, na biya su da dala,
naira kuwa tana narkewa a tafina
kamar ƙanƙarar mai tallan ruwa a Oshodi.
Abin da ya isa da azumi
bai isa ba da layya ta zo.

Tirela biyu na sayar.
Na sayar da filin Ikorodu da na ce na Lantana ne,
ban faɗa mata ba tukuna.
Kuɗin na kwance a banki, an ce kada in taɓa,
sai sun ga sun yi wata shida suna barci.
Kuɗin da ba su taɓa kwana biyu wuri ɗaya ba
tun ina ɗan saurayi mai ɗaukar kaya.

Yarinyar bayan gilashi sa'ar ɗiyata ce.
Ba ta yi mini rashin kunya ba, kada in ɗauki alhakinta.
Ta dai juya shafi, ta ce:
Ina asalin kuɗin?

Asalinsu?
Mahaifina Tanimu ya sauko a jirgin ƙasa
da buta da tabarma.
Shekara talatin yana ɗaure huhun goro,
bai taɓa sa hannu a takarda ba.
Bashinsa a baki, biyansa a baki,
shaidunsa Allah da dattawa biyu,
su ma sun riga mu gidan gaskiya.
Wane rasit zan tono a maƙabarta?

Ban faɗi haka ba.
Na ce, kasuwanci ne.
Ta rubuta wani abu gajere.

Cittata kuwa tana fita ta Apapa, kwantena bayan kwantena.
Ba a taɓa tambayarta sunan kakanta ba,
ba a sa ta dangwala yatsa goma ba.
Tana can yanzu cikin shayinsu,
tana ɗumama ƙirjin da ban sani ba.

Amsa ta zo ranar Talata,
ina cikin cunkoson Ojota, ruwan sama na dukan gilashi.
Layi uku ne.
Ba mu gamsu ba.
Abin da ka biya ba a mayarwa.
Kana iya sake nema.
Na karanta sau biyu, na miƙa wa direba,
ko idonsa zai ga wata ƙofa da nawa bai gani ba.
Ya ce, Alhaji, sai haƙuri,
ya ƙara ƙarfin fanka.

A gida Asabe ta riga ta sayo rigunan sanyi a Katangowa,
guda biyar, har da na auta.
Suna cikin jaka bayan ƙofa, suna warin gwanjo.
Daga can suka zo, in ji tambarin wuyansu,
ba wanda ya tsare su a hanya.

Jiya da dare lauya ya sake kira.
Wai akwai wata ƙasar, wani tsibiri,
ta fi arha, wata uku kacal.
Janareton maƙwabci na ta ruri,
na ce ban ji sosai ba,
na ce bari in yi sallah.

Ban ce masa a'a ba.