Farin Zare a Saman Damagaram

Shekara goma sha ɗaya kakana Ma'azu ya yi
yana murɗa famfon mai a filin jirgin Damagaram.
Masu farfela kan sauko da ƙishirwa, hamada ta gasa su,
ya mirgino ganga, ya shimfiɗa fatar tacewa a bakin mazurari.
Fasinjoji su fito miƙe ƙafa,
su sayi dafaffen ƙwai wajen Tsahara,
wadda daga baya ta zama kakata.

Wani makanike mai ƙonannen wuya
ya nuna masa hoto a jarida:
ana ƙera wani can bayan teku,
ba farfela, sai tulu huɗu rataye ƙarƙashin fiffike.
Wai sun nutsa gangar jikinsa cikin tankin ruwa,
suna matsa ta, suna saki, dare da rana,
don su ga inda ƙarfe zai fara gajiya.
Kakana ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Jirgi ma da wanka!
Mu nan Birni garwa ɗaya sai da layin asuba."

Sai ya ce, "To in ya zo, ganga nawa zai sha?"
Makanike ya naɗe jaridarsa.

Wata Laraba, ana alwalar azahar,
farin zare ya keto sama daga wajen Tanut.
Ƙarar ta iso a makare,
tana bin sawun abin da ya riga ya wuce.
Kakana har ya mirgino ganga biyu.
Ya tsaya, tafi a goshi,
zaren ya kumbura, ya tsinke a saman duwatsu.
Wannan ba ya jin ƙishirwa.

Ƙwan Tsahara ya kwana a kwano.

Kasuwar Dole ya koma,
yana auna kananzir da kwalba.
Ran da aka ce masa abin da sabon jirgin ke sha
ɗan'uwan wannan ne na fitila,
ya daɗe yana sunsuna murfin.

Bara na hau jikan wancan jirgi, cikin dare.
Allon kujera ya ce muna bisa garinmu.
Na manna goshi a taga:
'yan fitilu, ba su kai ƙwayar gero ba,
ban gane wace ce tamu ba.
An miƙo mini ruwa a ɗan kofi.
Na riƙe shi, ban kurɓa ba
sai da muka wuce.