Zomon Tsumma

Shekara arba'in ina ɗori a Dindima:
ƙafar mai hawan giginya, hannun ɗan acaɓa,
kafaɗar masuncin da kwale-kwale ya danne.
Kare kam ban taɓa ba,
sai daren Talatar da Babayo ya yi sallama ƙasa-ƙasa
da buhun taki a kafaɗa,
buhun yana numfashi.

Na haska tocila.
Karya ce ja, doguwa, ciki a ɗame kamar zanzaro,
haƙarƙari a fili, ka ƙirga ba sai ka taɓa ba.
Ƙafar gaba tana lilo
a inda Allah bai sa gaɓa ba.

Tsinke. Wa bai san ta ba?
In an yanke shinkafa, fadama ta bushe ta tsage,
samari kan ja layi da toka,
su cusa tsumma a fatar zomo,
su ɗaure da igiya a bayan babur.
Tela ya murza, a saki karnuka shida.
Dubu biyu kan baƙin can! Dubu biyar kan Tsinke!
Kwana biyu ake hana ta tuwo don ta yi zafin nama,
da safe a narka mata ƙwaya a koko.
Rani uku tana gudu.
Ajuji, wan yaron nan, ya sayi katifa, ya sayi waya,
har toshi ya kai Alkaleri da ƙafafunta.
Zomon kuwa ko sau ɗaya ba ta kama ba.

Ran Lahadi ƙafar ta faɗa tsagar ƙasa.
An ji ƙas, kamar an taka karan dawa.
Masu baƙin kare suka yi sowa.

"Yaya ya ce gobe mai keji zai zo,
ya taya dubu huɗu."
Yaron ya kwance bakin riga:
ɗari bakwai, da ƙwan zabi biyu.

Na daɗe ban tanka ba.
In gari ya ji, wa zai miƙo mini hannun ɗansa?
Za a ce tsoho ya rasa aiki, ya koma ɗora karnuka.
To, ruwa da ƙasa suna wanke yawu.
Da me ake wanke kau da kai?

Na ce ɗaure mata baki, riƙe nan.
Na yi bisimilla, na ja.
Ƙashi ƙashi ne,
yana neman ɗan'uwansa a ƙarƙashin yatsa
kamar na kowa.
Kukan ma da ta yi ta hanci,
na sha jin sa a bakin manyan maza.
Kara shida, man shanu, tsohon rawanina.
Ƙwan na karɓa, kuɗin na ce ya kai wa Ajuji,
sauran ni zan cika ranar kasuwa.

Yau mako uku tana bayan rumbuna.
Ta fara taka ƙasa, da ɗingishi,
kuma da shi za ta mutu.
An ce Ajuji ya samo ɗan kwikwiyo daga Kirfi,
dogo, mai ƙafar barewa.

Abu ɗaya ya gagare ni ɗorawa.
Duk babur ɗin da ya wuce a titin Gombe
kunnenta ya miƙe, jiki ya ɗau ɓari,
ta yunƙura a kan ƙafa uku.
Sai in ɗora hannu a wuyanta:
Kwanta, 'yar nan.
Tsumma ne.