Bakan Gizo Mai Tsini

Kakana Barmu bai taɓa ganin teku ba,
amma ya ga hoto.
Limamin Nasara ne ya zaro shi daga cikin littafi,
ɗan kati mai launin toka, gefensa duk ya cinye:
ɗakin addu'a na garinsu,
shekara ɗari bakwai, in ji shi, dutse kan dutse,
ginshiƙai sirara kamar karan dawa,
rufi can sama inda wuya ke gajiya kafin ido ya isa.

"Za ka iya?"

Barmu ya juya katin ya duba bayansa,
ko can aka ɓoye azarar.
Ya ce, "Ai bakan gizo ne,
sai dai an matse masa kafaɗu ya yi tsini."

Dutse kam akwai shi a Damagaram,
ga su nan jibge a Birni kamar giwaye sun kwanta,
amma wa zai yanka giwa da wuƙar aski?
Sai ya kwaɓa ƙasa.
Tubali nawa, bai ƙirga ba.
Giginya ta zo daga kudu a bayan raƙumi.
Baka na farko ya zube ran Laraba,
na biyu ya karya wa Ɗan Jimo ƙafa,
na uku ne wannan da nake tsaye ƙarƙashinsa.

Gilashi mai launi bai taɓa isowa ba.
Suka jera gindin kwalabe a taga,
kore, ruwan ƙasa,
shuɗiya guda ɗaya tak, ta magani.
Da la'asar takan sauke ɗigonta kan daɓe,
ya yi ta rarrafe har ya hau bango.

Yau jemagu sun fi masu ibada yawa.
Tsaga ta kama hanya daga kusurwar gabas.
Tabita mai riƙe da mabuɗi
tana kallona, carbi a hannuna,
ba ta tambaye ni kome ba.
Ta ja ƙyaure, ta nuna mini bayansa:
tafin hannu a cikin makuba,
yatsu huɗu da rabi.

"Uwata ta ce bai taɓa zama a bencinmu ba.
In azahar ta yi, sai ya sauko daga tsani,
ya wanke laka,
ya yi sallarsa a inuwar bangon."

Na ɗora hannuna a kai.
Nasa ya fi nawa faɗi.