Wasalin Mabiyiya

Shekara talatin ina binne mabiyiya
a bayan ɗakunan Ƙofar Marusa.
In wanke ta sau uku, in tona rami,
in kwantar da ita yadda Inna ta nuna mini.
Ban taɓa zaton tana da abin faɗa ba.

Sai Barira, jikata mai farar riga,
ta taso daga ɗakin gwaji ran Laraba,
ta iske ni ina tsintar wake.
Ta ce, "Iya, abin nan da kike rufewa da ƙasa
allo ne.
Rubutun gado na cikin kowace ƙwayarsa,
na uwa da na uba, layi bisa layi."

Na ce, to giya fa, wanke allon take yi?

Ta ce, "Baƙaƙen na nan, ko ɗigo bai ɓace ba.
Wasali take taɓawa.
Inda aka sa fataha ta mai da shi kisira,
inda murya za ta tashi ta aza ɗauri.
Sai umarnin 'kai wa yaro abinci'
ya fito da raɗa,
wanda ya kamata ya yi barci
ya tashi yana surutu."

Waken ya zube mini.
Tabawa na tuna, matar mai faci,
wadda ko warin giya ba ta sani ba.
Ciwon baya ya kai ta bakin tasha,
aka miƙo mata 'yar kwalba mai ɗaci,
wai sassaƙe ne, maganin sanyi.
Murfi biyu da safe, biyu da magariba,
tun ciki na wata ɗaya
har ya hana ta ɗaura zani.

Ni na karɓi haihuwar.
Ɗan bai cika tafin hannuna biyu ba,
mabiyiyar kuma shafal, kamar wainar jiya.
Na ce Allah ya raya, na ɗauki fartanya.

Barira ta ce ba ta rantsuwa a kan ɗa guda,
bincike bai kai ƙarshe ba tukuna,
amma ba a san wani murfi ba
da ya yi ƙanƙantar da za a amince masa.

Yanzu in na shiga gidan mai ciki,
kafin in taɓa cikin
sai na bi kwalaben kan taga ɗaya bayan ɗaya
ina buɗewa, ina sansanawa.
Suna dariya, wai tsufa ya zo wa Ladingo ta hanci.
Su yi.
Jiya na tuttular da biyu a kwata.