Yatsu Takwas

Da yatsu takwas nake murɗa rediyo.
Biyun suna can wata ƙasa mai ruwan sama kullum,
inda aka tura mu gyaran gidan da ba namu ba
ina ɗan shekara ashirin da shida.
Ko sunan itacen da suka faɗi a gindinsa ban sani ba.
Takardar sallama ta ce: Saje Tunau, ya yi ƙoƙari.

Yau da hantsi, a rumfar Noma mai faci,
nan bakin tashar Kamba,
na ji an ce Shugaba ya miƙe a taron manya
ya ce haƙuri ya ƙare,
in ba a ji ba, takalmin soja zai taka iyaka.
Aka tafa masa.
Na ji tafin, kamar ƙanƙara a kan kwano.

Ranka ya daɗe, wace iyakar?
Wadda nake ƙetarawa in ci suna, in dawo kafin la'asar?
Ƙanwata Tumba shekararta talatin a Gaya,
jikokinta na gaishe ni da Zabarmanci ina amsawa da Hausa,
ba wanda ya taɓa neman tafinta.
Kwara ba ta tambayar kwalekwale takardarsa.
In ka harba can,
a tsakar gidana harsashin zai sauka.

Ni ba ɗan zamani ba ne, na yarda.
Abin da na taras shi nake riƙo:
ba a fita yaƙi da fushin mutum ɗaya.
Sai an tara dattawa, an ji na gaba an ji na baya,
an leƙa rumbu an ga abin da ya rage,
an ƙiyasta matan da za su shiga takaba.
Majalisa fa, an tambaye ta?
Ko ita ma a bakin mai faci ta tsinci labari?

Wa ma ya aike mu?
Na san masu zugar nan tun ina da yatsu goma.
Da kwat suke zuwa, da taswira a hammata,
gidajensu na bayan teku,
su miƙa maka ashana su hau jirgi.
Ranar kwasar gawa ba ka ganin ƙeyar ko ɗaya.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
shafa wa naka ruwa.
Ba a ce ka je masa da fetur ba.

Namu gemun ma hayaƙi yake.
Daren Talata aka kore shanun Manu, arba'in da ɗaya,
aka kira bariki, aka ce mota ba mai.
Motar da ta kasa kaiwa ruga
ita za ta kai fadar wata ƙasa?
Tun da aka rufe ƙofa tireloli ke jere har bayan makabarta,
albasa ta narke a cikin buhu,
warinta ya riga liman shiga masallaci.
Direbobi sun sayar da tayar safaya sun ci tuwo.

Ba tsoro ke magana ba.
Na kwana a rami da gawar abokina, ɗan Yawuri,
har gari ya waye ina kore masa ƙuda.
Fanshona kuwa, wata bakwai ke nan ana duba fayil.

Jikana Arzika ya gama horo watan jiya.
Ya turo hoto a wayar Noma,
kaki ya yi masa yawa a kafaɗa,
ya ƙame, ya ɗaga hannu yana sara mini.
Na ce a matso da hoton kusa.
Na ƙirga na hannun da ke goshi,
na ƙirga na wanda ke gefen wando.
Goma ne cif.

Ranka ya daɗe, na rubuta adadin a bangon ɗakina
da gawayi.

Noma ya tsoma tayar keke a ruwa yana neman inda take shan iska.
Rediyo ta koma labarin ƙwallo.