Kwana Uku

Shekara biyu ina bin rijiyoyi,
daga Garin Malam har hanyar Mirriya,
kwalba a jaka, guga a bayan moto,
ina auna gishirin ruwan Damagaram.
Masu garuwa har sun laƙaba mini suna:
Malam Mai-Kwalba.

Wani dare, wuta ta ɗauke,
wasiƙa ta haska fuskar wayata.
"Mai girma Farfesa," in ji ta,
ni da ko rigar dokta ban ɗinka ba.
"Duniya na jiran aikinka.
Kwana uku, mu buga."
Kaina ya kumbura kamar ƙullin da ya kwana.

Jika ɗari biyu suka nema.
Na kai moto Kasuwar Dole,
na dawo gida a ƙafa, ina murmushi.

Kwana uku, ga ta kuwa,
tsakanin wata kan ciwon haƙori
da wata kan harajin jiragen ruwa.
Na kai wa Malama Barira ofis.
Ta sa tabarau, ta sa yatsa a shafi na shida:

"Tasi'u, dubi waƙafin nan da ya zame.
Rijiyar Kara-Kara, a lissafinka,
ta fi teku gishiri.
Da mutum ɗaya ya karanta, da ya gani.
Babban editansu kuwa, na san shi,
ya koyar da ni.
Bana shekararsa bakwai a kabari."

Ta jawo aljihun tebur,
ta fito da tata takardar:
wata tara tana hannun baƙi biyu,
ta dawo ja-wur da gyara
kamar an yanka kaza a kanta.
"Wannan ya zage ni a layi goma sha ɗaya.
Allah Ya saka masa.
Shi ya karanta."

Araha ba ta ado, aka ce,
amma ni da tsada na sayi tsiraici.

Sauran rijiyoyi ashirin na nan a littafi.
Na aika su inda ba a kira ni Farfesa ba,
inda na tambayi mai ɗakin karatu tukuna,
na kuma tabbatar editan yana numfashi.
Wata biyar ke nan, shiru.

Ba komai.
Ɗan garin nan ne ni:
na san ajiye bokiti a bakin famfo,
in zauna kan dutse har asuba.